Waɗanda Ke Bayana a Sahu

Idan mutum ya ɗaga hannu ya roƙi Allah Ya sa ya fi mutum casa'in cikin ɗari, me ya roƙa wa mutum casa'in ɗin? Mahaifina ne ya yi min wannan tambayar, kuma har yanzu da nake rubuto muku ban samu amsarta ba. In akwai mai ita a cikinku, ya taimaka min.

Don waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Fatimatuzzahra, 'yar Malam Ishiyaku mai makarantar Islamiyya a Gwaram. Likita ce ni, a ɗakin yara nake aiki a Birnin Kudu, kuma a gidan ƙanwar Baba, Gwaggo Balaraba, nake zaune. Wanda nake son aura shi ne Abdulmuhaimin, shi ma likita, ɗan Alhaji Usaini mai motocin haya da ke jigila tsakanin Birnin Kudu, Gwaram da Basirka. Mu biyu muka ƙudurta zuwa ƙasar waje ƙaro ilimi, ni fannin yara, shi tiyata. Asibitocin can ba sa ko kallonka sai ka ci jarrabawarsu ta lasisin aikin likita. Tare muka yi karatunta, tare muka zauna ta. Sharaɗin Baba ɗaya ne tun farko: ba zan tsallake ƙasa ba sai da miji a gefena. Shi ya sa aka tsayar cewa ranar Asabar manyan Abdulmuhaimin za su zo Gwaram a sa rana.

Ranar Larabar makon ne sakamako ya fito. Na dawo daga aiki ko farar rigar asibiti ban cire ba, na tarar da Gwaggo a rumfa tana haɗa turaren wuta, domin shi ne sana'arta. Ba a daɗe da ɗauke ruwan sama ba, tsakar gida sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na sandal. Ina zama a kan tabarma wayata ta yi ƙara. Na buɗe, na karanta, na sake karantawa, sannan na kifa goshina a ƙasa.

"Ke lafiya? Wa ya mutu?"

"Gwaggo, na ci."

Ta ajiye ludayin ta rangaɗa guɗar da ta sa kajin maƙwabta suka watse.

"Nawa kika samu?"

"Ɗari biyu da sittin da shida."

"Cikin nawa?"

"Ɗari uku."

Ta ɗan lissafa da yatsu. "To wa ya cinye sauran talatin da huɗun? Duk shayin da na dinga dafa miki?"

Na yi dariya har da hawaye. Amma ku sani, makin nan ba shi ne maganar ba. Akwai wata lamba ta biyu da masu ɗaukar likitoci a can suke dubawa, wadda ake kira fasentayil. Masu jarrabawar suna fitar da jadawali, ka nemo makinka, ka ga inda ya ajiye ka a cikin mutane. Na nemo nawa. Tamanin da tara.

"Wato tamanin da tara cikin ɗari kika ci?" in ji Gwaggo.

"A'a. Ba tambayoyi ake ƙirgawa ba, mutane ake ƙirgawa. A jera duk waɗanda suka zauna jarrabawar a sahu ɗaya, daga mai ƙaramin maki zuwa mai babba. In mu ɗari ne, mutum tamanin da tara suna bayana."

"Sauran fa?"

"Suna gabana, ko kafaɗa da kafaɗa da ni."

"Allah Ya shirye su," ta ce, ta koma kan kaskonta.

Ni kuwa nan take na tura wa Abdulmuhaimin saƙo.

"Dakta! Ka duba?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Kun san yadda wayar ke nuna mutum yana rubutu, sai ya tsaya, sai ya sake farawa. Can amsa ta shigo.

"Na duba. Na ci, alhamdulillah. Ke fa?"

"Na ci! Nawa ne naka? Ka duba jadawalin?"

"Zahra, ina neman alfarma ɗaya."

"Ina ji."

"Kada ki tambaye ni nawa. Kada kuma ki faɗa min naki. Mun ci, ya isa."

Na tura masa hoton fuskar dariya, na zaci zolaya ce. Ya rubuto: "Ba wasa nake ba."

Masu karatu, kun taɓa ganin an rufe kwano a gabanku an ce kada ku buɗe? Ni tun ina yarinya ba na iya barin abu a rufe. Na kwana ina juya maganar. In nasa ya yi sama sosai, ƙila ba ya son ya ƙure ni ne. In ya yi ƙasa kuwa... sai in ture tunanin, sai ya dawo. Abin da ya fi ci min rai shi ne dokar jarrabawar: wanda ya faɗi yana iya sakewa, wanda ya ci ba ya sakewa don neman ƙari. Lambar da ka samu, ita za ka ɗauka ka yi ta yawo da ita.

Washegari da hantsi Gwaggo ta dawo daga kai turare wa wata amarya, ko mayafinta ba ta cire ba ta faɗo ɗakina. Ina ninke kayan da zan tafi da su Gwaram, leshi ruwan zuma da Inna, mahaifiyata, ta ce in sa ranar Asabar da wata atamfa kore mai ganye-ganye.

"Kin ji surukinki? Ya cika tasha! Rago ya yanka, ya raba wa direbobi da kwandastoci. Kowa ya zo sai ya nuna masa waya, wai ɗansa ya ci jarrabawar Turawa, ya samu ɗari biyu da..."

Na saki leshin na toshe kunnuwana da yatsu.

"Gwaggo kar ki ƙarasa! Don Allah kar ki ƙarasa!"

Ta tsaya tana kallona kamar na haukace. Na ga bakinta yana motsi, na rufe ido har da waƙa-waƙa don kada in karanta leɓenta. Sai da ta ɗaka min duka a cinya na buɗe.

"Ke yanzu likita ce haka?"

"Ya ce kada in tambaya. In kika faɗa min makin, jadawalin yana cikin wayata, kin san ba zan iya haƙura ba."

"To ai ba ke kika tambaya ba, ni na faɗa."

"Duk ɗaya ne, Gwaggo."

Ta zauna a bakin gado, ta cire mayafin, ta yi min wani irin kallo. Ita ta ji nawa, ta ji nasa, kuma ko ba ta san jadawali ba ta san wace lamba ce ta fi wata. Na yi ƙoƙarin karanta fuskarta, na kuma yi ƙoƙarin kada in karanta.

"Bari in ba ki shawara," ta ce a hankali. "Duk ranar da ya tambaye ki, ki rage."

"In rage me?"

"Naki mana. Ki zubar da kaɗan. Me zai ragu a jikinki? Ni da kike gani na fi marigayi mijina iya lissafi nesa ba kusa ba, har ya koma ga Allah bai sani ba, kuma lafiya muka zauna."

"Gwaggo, in na rage a baki, asibitocin can fa? Ranar da suka kira ni ba su kira shi ba, me zan ce masa?"

"Sai ki ce sa'a ce."

Da wannan shawarar ta gama faɗa min abin da na toshe kunne don kada in ji. Ban san lambarsa ba, amma na san ɓangaren da take.

Da azahar na hau motar Gwaram. Kamar da gangan, ɗaya daga cikin motocin Alhaji Usaini ce, direban har da ce min "Amaryar Dakta, gidan gaba naki ne." Muka wuce duwatsun Birnin Kudu, hanya ta miƙe, gero da dawa sun yi kore shar hagu da dama, mata suna cirar ciyawa a gonakin gyaɗa. Ni kuwa lissafi nake. Mu goma sha wani abu ne a motar, na kama kaina ina jera fasinjoji a sahu, ina tambayar kaina wa ke gaban wa, kuma da me.

Alhamis ce, babu makaranta, gidanmu shiru. Inna tana ciki ita da ƙannena ana ta wanke tabarmi da goge kwanukan baƙi. Baba yana zaure a kan buzunsa, sanye da farar jamfa da ta sha wanki, tabarau a kan hanci, yana ɗinke bangon wani littafi da ya yage. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya sa min albarka a kan cin jarrabawa, sannan ya ce, "An ce akwai wata lamba bayan makin. Fahimtar da ni, Uwata. Ni a nan wanda ya haddace ya haddace, wanda bai haddace ba ya koma ya sake."

Na yi masa bayanin sahu kamar yadda na yi wa Gwaggo. Baba ba Gwaggo ba ne. Ya ajiye allurar.

"Su waye mutum ɗarin?"

"Waɗanda suka zauna jarrabawar, Baba. Duk sun yi karatun likita."

"To na can ƙarshen sahu, likita ne ko ba likita ba?"

"Akwai layin ci. In ya haye shi, ya ci, ko da mutum kaɗan ne a bayansa."

"Zan iya kai masa ɗana ba shi da lafiya?"

"Za ka iya."

"To me ya kawo jerawar?"

"Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa. Dole su zaɓa."

Ya gyaɗa kai. "Wato lambar ba ta faɗin abin da kika sani. Tana faɗin inda kika tsaya."

"Haka ne. Kuma ba a raba mutanen daidai ba. Yawanci a tsakiya suke cunkushe, kamar bakin mota ranar kasuwa. A can, maki biyar kacal sai ya tsallakar da kai sama da mutum goma. A gaba kuwa mutane a warwatse suke, maki biyar bai fi ya wuce da kai mutum uku ko huɗu ba."

"Ikon Allah. To in da bana waɗanda suka zauna tare da ke sun fi haka ƙoƙari?"

"Sai lambata ta sauka."

"Ba tare da kin manta komai ba?"

"Ba tare da na manta komai ba. Makin da yau zai ajiye mutum a tsakiya, shekarun baya zai iya kai shi gaba, domin waɗanda ake gwada shi da su sun canza."

Ya cire tabarau ya goge da bakin jamfarsa. Na san wannan gogewar, tambaya mai nauyi ce ke tafe.

"Lokacin da kike ce min in sa ki a addu'a, kin ce in roƙa miki me?"

"Casa'in, Baba. Na ce ina son in kai casa'in."

"Na kuwa roƙa, ban san me nake roƙo ba. Na zaci ilimi ne. Ashe na roƙa a samo mutum casa'in a jera su a bayan 'yata. Su kuma iyayensu suna can suna tasu addu'ar. To Uwata, ni da ke, me muka roƙa wa mutum casa'in ɗin nan?"

 Na so in ce ni ƙaruwata na roƙa, ba raguwar kowa ba. Amma yanzu na gama faɗa masa da bakina cewa lambar ba ta san bambanci ba: ko ni na ƙaru, ko su suka ragu, hawa za ta yi. Abin da ya fi damuna, wanda ban iya faɗa ba, shi ne a cikin sujada ɗaya nake roƙa wa kaina casa'in in roƙa wa Abdulmuhaimin. Ban taɓa tunanin zai iya zama ɗaya daga cikin waɗanda nake neman a jera a bayana ba.

"Shi yaron nawa ne nasa?" Baba ya tambaya, kamar ya ji abin da ke raina.

"Ya ce kada in tambaya. Ya ce kada in faɗa masa nawa."

"Kuma da wannan lambar za a zaɓi wanda zai tafi?"

"Tana cikin manyan abubuwan da ake dubawa."

Ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da ɗinki. Sai da ya yi ɗinki uku ko huɗu sannan ya yi magana, ba tare da ya ɗago ba.

"Baƙi suna iya zuwa ranar Asabar, za mu karɓe su, za su ci abinci. Amma ba zan sa rana a kan tafiyar da ku biyu kuka rufe ido don kada ku ga wanda zai yi ta ba. Ki faɗa masa haka. Ni ba lambar nake so ba, ba ta da amfani a wurina. Ku nake so ku sani."

Na fito daga zauren. Inna ta tare ni da tambayar ko leshin ya sha guga, na ce eh ba tare da na tsaya ba. Na shige ɗaki na rubuta masa duk abin da Baba ya faɗa, kalma da kalma. Alamar ya karanta ta fito. Shiru. Na kira, ta yi ta ringi har ta katse. Na rubuta, "Dakta, ko kalma ɗaya ce." Shiru.

Ku faɗa min gaskiya, in ku ne, ba za ku kira Gwaggo ba? Sau biyu ina nemo lambarta. Kira ɗaya, in ji makin, in buɗe jadawali, shi ke nan. Na ajiye wayar a ƙarƙashin filo na zauna a kai.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince shinkafar baƙi, ƙanwata Najiba ta leƙo ta ce ana sallama da ni a waje. Na zura hijabi a kan atamfar, ko hoda ban shafa ba.

Yana tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, cikin shadda ruwan toka da hula mai duhu, takalminsa duk laka. Idonsa ya faɗa kamar wanda ya kwana biyu yana aiki a ɗakin gaggawa.

"Likita," ya ce. Haka yake kirana in yana son ya ɓoye damuwa.

"Dakta. Wayarka ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Mai ita ne ya lalace."

 Ya kalli ƙasa, ya kalli hanyar da yara ke kora awaki, ya dawo da ido kaina.

"Alhaji ya yanka rago," ya ce.

"Na ji."

"Ya ce ɗari biyu da arba'in da uku cikin ɗari uku, ko a tasha motar da ta yi irin wannan cikon ba ta kwana ba ta tashi ba. Ta ina zan fara yi masa bayanin sahu?" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Talatin da ɗaya, Zahra. Mutum talatin da ɗaya ne kawai a bayana. Da wannan, tiyata a can sai dai wani ikon Allah. Da faɗuwa na yi, da na sake. Na ci, an rufe ƙofa."

Ban san lokacin da na ce "Amma ai ka ci" ba.

"Na ci." Ya gyara tsayuwa. "Faɗa min naki."

A nan muryar Gwaggo ta zo min a kunne, ki rage, ki zubar da kaɗan. Sittin ma lamba ce mai kyau. Hamsin da biyar. Na ga yadda yake kallona, irin kallon da yake yi wa hoton ƙashi in yana neman inda ya tsage.

"Tamanin da tara."

Bai motsa ba. Na ga leɓensa yana lissafi.

"Mutum hamsin da takwas tsakanina da ke," ya ce. "Duk da shayinki ma ni nake shanyewa in muna karatu."

"Maki ashirin da uku ne kawai, Dakta. A tsakiya mutane suke cunkushe, shi ya sa..."

"Na sani, Likita. Tare muka karanta." Wannan karon murmushin ya ɗan kai ido. "Na yi murna. Wallahi na yi murna. Ki ba ni lokaci kaɗan in gama jin haushi, murnar tana nan a ƙasa."

Na ji hawaye ya taho, na danne. "To yanzu fa?"

 Ya juya ya nufi zaure, ya kankare lakar takalminsa a bakin dakali, ya cire, ya yi sallama. Na ji Baba ya amsa ya ce ya shigo.

Kun san halina. Na zagaya ta cikin gida na laɓe a bayan ƙofar zauren ta ciki, tiren shinkafa a hannuna don in an kama ni in ce wucewa nake. Suka gama gaisawa, aka tambayi Alhaji, aka tambayi damina. Sai na ji muryarsa, a hankali amma ba ta rawa.

"Malam, na faɗa mata nawa, ta faɗa min nata. Bisa ga dukkan alamu ita za a kira, ba ni ba. Ka ce ba za ta tafi ba sai da miji a gefenta. Na zo in ji, in mijin ya bar aikinsa a nan ya bi ta, ya je can ba kowa ba ne sai mijin likita, har Allah Ya buɗa masa wata hanya, ya cika sharaɗinka?"

Tiren ya kusa kuɓuce min. Na ji ƙarar tabarau ɗin Baba da ya ajiye a kan littafi.

"Nawa sharaɗin ya cika," ya ce. "Alhaji Usaini ya san da wannan maganar?"

"Bai sani ba, Malam."

"Gobe zai zauna a kan tabarmar nan."

"Na sani."

 Sannan na ji ƙarar danna waya, na ji ta fara ringi a fili, domin ya buɗe muryar yadda Baba zai ji. Aka ɗauka. Hayaniyar tasha ta cika zauren, ana kiran Basirka, Basirka, saura mutum ɗaya, sai ga muryar Alhaji a sama da ta kowa, cike da fara'a.

"Dakta na kaina! Kana ina ne? Ga mutane nan sun zo yi maka murna!"

"Alhaji," Abdulmuhaimin ya ce, "don Allah ka ɗan fita daga cikin mutane. Akwai lambar da ban faɗa maka ba."